Cikin Nawa?

Galmi, 6 ga Satumba

Zuwa ga ɗiyata Safiatu, a Moshi Zango, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafata ta hagu ce take ta yi mini gardama, amma har yanzu ita ke kai ni masallaci. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai.

Na ba Brimah direba wagga takarda ya taho miki da ita tare da lodin albasa. Kin san ni, ba na zuba magana mai nauyi cikin waya.

Shekara huɗu ke nan da Allah ya ɗauki ɗana Abdul-Karim a nan wajenku. Uwar yarinya ta yi aure ta tafi Tamale, ke kuma kika ce a bar miki Barkisu ki riƙe, ki sa ta makarantar da kike koyar da lissafi. Ban yi musu ba, don uwata da kakarki ciki ɗaya suka fito. Amma yanzu abu biyu sun iso kunnena, kuma ba su yi mini daɗi ba.

Na farko, an ce waya kike shiga aji da ita. An ce maimakon littafi, labarin 'yan ƙwallo da masu dafa abinci kike karanta wa yara. Wanga wane irin karatu ne?

Na biyu ya fi zafi. Autana Abdulgafar ya karanta mini wani saƙo da ke yawo cikin wayoyin mutanenmu. An rubuta cewa a jarrabawar bana yara goma sha takwas suka faɗi a makarantarku, sabuwar makarantar da ke bayan Bantama kuwa shida kacal. Sha takwas, Safiatu! Na sa ya maimaita har sau biyu, ko kunnena ne.

Saboda haka ga abin da na yanke. Ki cire Barkisu ki kai ta waccan makarantar. In kin ga ba za ki iya ba, ki haɗa mata kayanta, Brimah ya taho mini da ita. Ita kaɗai Abdul-Karim ya bari, ba zan zuba ido ta zama ta goma sha tara ba.

Ki gaishe da mutanen gida.

Kawunki,
Iliasu

Moshi Zango, 19 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Iliasu.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso har da ƙamshin albasa, don a aljihun gaba Brimah ya sa ta tun daga Galmi. Duk muna lafiya. Allah ya ba ƙafa sauƙi, a riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Barkisu ta yi tsawo, rigar makarantar bara ta tsaya mata a gwiwa.

Kawu, sau uku na karanta takardar nan. Na farko na ji haushi, na biyu ma na ji haushi, a na uku ne na samu na yi dariya na ɗauki biro.

Maganar waya gaskiya ce. Guda ɗaya ce, tawa, fuskarta ma a tsage take. Yaran Zango da an tashi makaranta wayar uwa ko ta yaya tana hannunsu, lambobi na zubo musu ta ko'ina, ba wanda ya taɓa koya musu su tsaya su auna. Littafinmu kuma misalinsa da 'ya'yan itacen da ba su taɓa gani ba yake bayarwa, ina buɗe shi sai hamma. Shi ya sa nake ɗebo lambobi daga waya in rubuta a allo. Ɗan ƙwallo ya ci goma sha biyu a wasa talatin, wani ya ci takwas a wasa goma, wa ya fi iya ci? Ranar da na kawo wannan har sai da shugaban makaranta ya leƙo, ya ɗauka faɗa ake yi. Wata rana kuma mai girki ce a bidiyo ta ce gwangwani biyu na shinkafa, ɗaya na wake. Na ce to, suna ake yi a gidanku, an auno olonka, wato mudun nan, goma sha biyu na shinkafa, wake nawa za a jiƙa? Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta fara ba da amsa, don uwarta shinkafa da wake take sayarwa a kasuwar Adum. In wannan ba karatu ba ne, ni ban san sunansa ba.

Saƙon da Abdulgafar ya karanta maka ya riga takardarka zuwa nan. Iyaye uku sun cire 'ya'yansu a kansa. Ranar Litinin yara suka shigo jiki a sanyaye, wani ya ce, "Madam, wai mu ne na ƙarshe a Kumasi duka?" Ban lallashe su ba. Na rubuta sha takwas a gefe ɗaya na allo, shida a ɗaya gefen, na koma na zauna. Yara suka zuba wa allo ido. Can sai jikarka ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, sha takwas cikin nawa?"

Namu na sani, yara casa'in muka kai jarrabawa. Na waccan makarantar kuwa su da kansu suka sa hoton 'yan jarrabawarsu a shafinsu, an jera su da sababbin riguna. Na ɗaga wayar, yara suka ƙirga kawuna, goma sha biyar. Sha takwas cikin casa'in, ɗaya ke nan cikin kowane biyar. Shida cikin sha biyar, biyu ke nan cikin kowane biyar. Wani yaro a baya ya daka tsalle ya ce, "Ashe su ne suka faɗi sosai paa!" Mu duk yaron da ya kai aji uku muna rubuta sunansa, mai ƙoƙari da marar ƙoƙari, ba ma ɓoye kowa don a yabe mu.

To Kawu, ka yi haƙuri. Ba zan cire yarinyar da ta yi wannan tambaya in kai ta inda faɗuwa ta ninka tamu ba. Kayanta ma ba zan haɗa ba. Ni na goye ta ranar da aka fita da gawar ubanta, ni na san tarinta da dariyarta, kuma a hannuna za ta gama karatun nan in Allah ya yarda.

'Yarka,
Safiatu

Galmi, 4 ga Oktoba

Safiatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take.

Na ga takardarki. Ashe yanzu ni ne ɗalibin, ke ce malama. Shekara arba'in da biyar ina loda albasa daga nan zuwa Kumasi, tun ba a haife ki ba, yau ke za ki koya mini ƙidaya da kawunan yara cikin hoto.

Kin ce ke kika goye ta, ke kika san tarinta. Na fahimta. Ni da na haifi ubanta na zama baƙo ke nan, sai dai in yi sallama daga ƙofa. Ban taɓa zaton zan ji haka daga jinin uwata ba, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ki raba sha takwas yadda kike so, ki yanka shi biyar ko goma. Ni abin da na sani, gida goma sha takwas ne aka yi kuka a cikinsu. Je ki gaya wa uwar da ɗanta ya faɗi cewa ɗaya ne cikin biyar, ki ga ko za ta share hawaye. Ni lamba babba na sani da lamba ƙarama, kuma da su na ci abinci har na tsufa.

Wagga ita ce takarda ta ƙarshe da Brimah zai kawo miki. Na sallame shi, in ya sauke lodin nan ya miƙa makulli. Abdulgafar ya tara mini duk abin da dillalinmu na Kumasi ya rubuto bana cikin guruf ɗin 'yan albasa na waya. Buhu hamsin da huɗu suka ruɓe a hannun Brimah, Mumuni sabon direba kuwa ashirin. Kin ga ba ke kaɗai ba ce, kowa na auna shi da abin da ya zubar.

Mumuni zai shigo Kumasi ƙarshen wata. Ki ba shi Barkisu da kayanta. Wanga karo ba shawara nake ba ki ba.

Iliasu

Moshi Zango, 26 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da ƙafa. Mu lafiya lau, sai dai Barkisu ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warke.

Ban ce kai baƙo ba ne, kuma ba zan taɓa faɗa ba. Barkisu jininka ce, goshinta ma naka ne, taurin kanta ma naka ne. Abin da na ce shi ne na san ta, kuma a kan wannan ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Maganar gida goma sha takwas ka yi gaskiya, ta kuma soke ni. Amma ka sani ba a waya na san su ba. Da ƙafata na shiga gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na zauna a tabarmarsu, wata uwar ko amsa sallamata ba ta yi ba. Goma sha ɗaya daga cikin yaran suna zuwa wajena ranar Asabar, za su sake rubuta jarrabawa. Lissafina bai hana ni jin zafinsu ba. Abin da ya hana ni shi ne in ɗauki yarinya in kai ta inda ya fi muni don an tsorata ni da lamba.

Yanzu ga maganar Brimah. Da ya kawo takardarka bai ko zauna ba, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Ya ce, "Malama, shekara goma sha ɗaya ina jan motar Alhaji, ko taya ban taɓa sayar masa ba. Yau wai ni ne mai ruɓar da kaya." Na ce ya ba ni wayarsa. Dillalinku mutum ne mai tsari, duk saukar da aka yi yana rubuta buhu nawa aka sauke, nawa suka ruɓe. Saƙo goma sha ɗaya ne bana. Abdulgafar ya tara layi ɗaya ya bar ɗayan.

Washegari na kwafe su duka a allo, ban sa sunan kowa ba, na ce direba na ɗaya da direba na biyu. Na tambayi aji, in ku ne masu mota, wa za ku sallama? Wajen rabin aji suka yi ihu, "Mai hamsin da huɗu!" Kafin in buɗe baki sauran suka taso musu, "Cikin nawa? Cikin nawa?" Wallahi Kawu, sai da na juya na fuskanci allo don kada su ga idona ya cika.

Barkisu ta gane albasar kakanta ce tun daga layin farko. Ta roƙe ni in sa aikinta cikin takardar nan, ga shi na kwafe maka yadda ta rubuta:

"Kaka, ina gaishe ka. Baba Brimah ya zo sau tara, kowane zuwa buhu ɗari uku. Duka dubu biyu da ɗari bakwai. Hamsin da huɗu sun ruɓe, wato buhu ɗaya cikin kowane hamsin. Baba Mumuni ya zo sau biyu, kowane zuwa ɗari biyu da hamsin. Duka ɗari biyar. Ashirin sun ruɓe, wato buhu ɗaya cikin kowane ashirin da biyar. Da Baba Mumuni ne ya ɗauko kayan Baba Brimah duka, ɗari da takwas ne za su ruɓe. Kaka, ka kori wanda ya fi iya riƙe maka kaya. In ba ka yarda ba ka ƙirga da kanka, tsoho."

Kalmar ƙarshe tata ce, na ce ta goge ta ƙi, ta ce tsakaninta da kakanta ne.

Mumuni ya zo jiya Alhamis ɗaukar ta. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa da abinci, na ce Barkisu tana makaranta kuma can za ta ci gaba da zuwa. Takardar nan zan ba shi a madadinta. Ban ɓoye masa abin da ke ciki ba, na karanta masa aikin yarinyar tun daga farko har ƙarshe. Fuskarsa ta canza. Daga baya ya ce shi bai nemi a kori kowa ba, kuma tamfol ɗin motarsa a yage yake tun watan azumi, ya faɗa wa Abdulgafar har sau biyu.

Ka ce ba shawara kake ba ni ba. Na ji, kuma na saɓa, da sanina. In laifi ne nawa ne ni kaɗai, kada a ɗora wa yarinya ko Mumuni.

'Yarka,
Safiatu

Moshi Zango, 30 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mako biyar ke nan ba takarda, ba saƙon baki. Na kira Abdulgafar sau huɗu, sai ya ce kana masallaci, ko kana barci, ko ka hana a ba ka waya. Mumuni ya shigo gari sau ɗaya, bai biyo ta gidanmu ba. Ban sani ba ko takardata ta iso hannunka, ko tana cikin wani kwalbati tsakanin nan da Galmi. Wannan wani mai goro na ba, ya ce zai bi ta wajenku.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro nake ji. Duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai na leƙa ƙofa. Barkisu ta haɗa kayanta cikin jaka ta tura ƙarƙashin gado. Na zazzage, ta sake haɗawa, na sake zazzagewa. Ta ce, "Madam, ni na ja, ni na ce masa tsoho." A gida ma Madam take ce mini in ranta ya ɓaci. Brimah kuma yana kasuwar albasa kullum, yana taya mutane sauke buhu, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a bayan sitiyari.

Na yi tunani mai yawa, ga inda na tsaya. Ba zan ba direba ita ba, ko wane ne, ko da takarda goma ya zo. Amma in kai da kanka ka zo, kakanta ne kai, ba zan tare ƙofa ba. Abu ɗaya zan roƙa. Kafin ka tafi da ita ka shigo ajina, ka zauna a bencin baya, ka ga darasi ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka fito ka ce wasa muke yi, ni zan ɗaukar mata jakar har tasha.

Abin da nake koyarwa kuwa ba zan daina ba, ko da Barkisu ko babu ita. Jiya ma wani saƙo muka auna, na masu cewa wani magani ya warkar da mutum ɗari biyu. Ban ko gama rubutawa ba aji ya ɗauka baki ɗaya, ka san tambayar.

Allah ya ƙara maka lafiya. Ko faɗa ne ka rubuto, ya fi mini shirun nan.

'Yarka,
Safiatu

Galmi, 14 ga Disamba

Zuwa ga ɗiyata Safiatu.

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Takardunki biyu duk sun iso. Mumuni ranar da ya sauka ya kawo mini ta farko hannu da hannu, bai ko karya ta ba. Ki daina zarginsa.

Da na karanta na cusa ta ƙarƙashin buzun salla, na ce ba zan sake dubawa ba. Ta yi wata guda a wurin. Kullum sau biyar ina taka maganar jikanyata.

Ranar da mai goro ya kawo ta biyu na kira Abdulgafar, na ce ya karanta mini saƙonnin dillali ɗaya bayan ɗaya, kada ya tara mini komai. Na sa aka juye kwandon albasa a tsakar gida. Duk buhu hamsin na Brimah na ajiye albasa ɗaya a dama, duk buhun da ya ruɓe na ajiye tsakuwa ɗaya a hagu. Da aka gama, kowace albasa ta samu tsakuwa ɗaya. Na yi wa Mumuni haka, kowace albasa tasa ta kwashi tsakuwa biyu. Matan gida suna leƙe ta taga, sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Abin da ya fi ci mini rai, Safiatu, na san wanga lissafi. Da shi ubana ya koya mini zaɓen rumbu, ba a tambayar nawa suka ruɓe sai an tambayi nawa aka zuba. Ranar da aka karanto mini lamba daga waya sai na manta shi gaba ɗaya, na ji hamsin da huɗu kawai, raina ya ɓaci. Ni da ke cewa waya za ta lalata yara, ni ta fara kamawa.

Kada ki ɗauka na ce kin iya magana da manya. Ba ki iya ba, kakarki ma haka take, Allah ya jiƙanta. Bencin bayanki kuma ba zan zauna ba, ƙafata ba ta lanƙwasuwa.

An saya wa Mumuni tamfol. Maganar ɗayan direban kuwa ba sai na rubuta ba, ɗaga kai ki dubi wanda ya miƙo miki wagga takarda.

Ki ce wa mai kirana tsoho ta zazzage jakarta, ta mayar da kaya inda suke. Akwai ƙaramin buhu a gaban mota, nata ne, ban sa ko ɗaya mai tabo ba, ta ƙirga in ba ta yarda ba. Ta zauna wajenki ta gama.

Amma sha takwas ɗin nan ban yafe miki su ba. Baɗi in sakamako ya fito, kada in ji shi a wayar kowa. Ke za ki rubuto mini da hannunki nawa suka faɗi, kuma cikin nawa.

Kawunki,
Iliasu